Nema Wa Baba Ilu Tocila, Daga Karare Zuwa Babban Duhu

Karare, Talata, biyar da rabi na asuba

Ana sallame sallar asuba na saɓa jakata na fito, baki har kunne kamar wanda aka biya wa Makka. Matata Hajara ta biyo ni zaure da ƙullin dafaffiyar gyaɗa tana cewa, "Mutum da gemunsa zai ƙona kuɗin mota saboda tocila." Ta fi ni gaskiya, na fi ta zumuɗi.

Mu biyar ne a Karare Allah ya jarrabe mu da son tocila. Wasu na kiwon tattabaru, wasu na kallon ƙwallo, mu kuwa bayan magariba gindin dalbejiya muke zama muna haska bangon makaranta, ana gardamar ta wa ta fi cin nisa. Burinmu tun bara ɗaya ne: 'yar ƙaramar tocila da za ta ɓace a aljihun gaba, amma ta haɗiye babban batirin nan mai caji, wanda ya fi babban yatsa kauri, muka laƙaba masa suna Bajimi. Na kasuwa, in ƙarama ce kwana biyu ta mace, in mai babban batir ce sai ka ce taɓarya.

Wanda ya shafa mana wannan ciwo Baba Ilu ne, tsohon maigadi, abokin marigayi mahaifina. Tun da hawan jini ya taɓa masa hannun hagu, dama ta koma riƙon sanda, babbar tocilarsa ta gagare shi ɗauka. Hanyar masallaci duk duwatsu ce da zaizayar ruwa, caji kuma sai ranar Alhamis in an shiga kasuwar Batsari. Wata uku ke nan yana sallar asuba a ɗaki, mutumin da shi ke buɗe masallacin tun muna yara. Wannan abu ya tsaya mana a rai. Shi ya sa aka damƙa mini Bajimi guda, aka ce in kai wa Malam Hamisu mai gyaran rediyo a Safana, wanda aka ce yana ƙera tocila da hannunsa.

Batsari, shida da minti ashirin

Ɗan acaba ya sauke ni a tasha gari bai gama wayewa ba. Na sha koko da ƙosai na ɗari biyar, na zauna jiran mota. Sai takwas saura kwata ta cika, huɗu a baya, biyu a gaba, ni ne na tsakiya kusa da giya.

Ba mu yi minti ashirin ba muka iso shingen jami'an tsaro, aka ce kowa ya sauko. Jami'in da ya laluba ni ya zaro tocila a aljihun dama, ya zaro wata a na hagu, ya sami biyu a jaka. Da ya warware tsumman da na naɗe Bajimi sai ya ja da baya, fuskarsa ta sauya.

"Wannan harsashin mene ne?"

"Ranka ya daɗe, batir ne."

Ya jujjuya shi, ya shinshina. Ni kuwa an taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi, na shiga yi masa bayanin yadda Bajimi ke kwana bakwai bai nemi caji ba. Direba ya danna oda ya leƙo, "Malam, kai mi kaka yi haka? Wa'azin batir muka zo ji?" Jami'in ya bushe da dariya ya miƙo mini kayana, ya ce in an ƙera in tsaya ya gani.

Safana, tara da kwata

Shagon Malam Hamisu a rufe na tarar da shi. Mai shayin da ke gefe ya ce, "Shina Babban Duhu, ya tai yankan gero." Amma wanda ya zo Safana da tocila huɗu ba zai koma da labari ba. Na hau wani acaban, muka bi ta tsakanin gonaki muna kauce wa shanu, goma da rabi muna ƙofar gidansa.

Babban Duhu

Siriri ne, da tabarau ɗaure da zare. Muka gaisa, ya tambayi gida, iyali, damina, gajiya, da mutanen Karare ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa duk na ƙosa. Da na ajiye masa Bajimi a tafin hannu sai na ga idonsa ya yi irin na 'yan majalisarmu. Nan take ya aika gona a ce ba shi zuwa yau.

Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya zazzage buhun tarkace. Ya yanko guntun bututun alminiyam, ya goge shi da yashi, ya ciro ƙwan fitila daga wata matacciyar tocila, ya ɗora ƙarfen liƙi a garwashi. Ya ce, "Mi kaka so a kai?"

Na gyara zama. Na ce tsawonta kada ya wuce aljihun rigata, ga shi ya auna. Haske kala uku. Makunni kuma a gindi, mai tauri sosai, irin wanda ba ya kunna kansa a aljihu ya cinye caji. A majalisarmu duk tocilar da ke kunna kanta abin gori ce har mako guda.

Ɗaya saura kwata ya gama. Sai ga matsala: rana tsaka, ina za a gwada? Malam Hamisu ya nuna mini rumbun da aka share ana jiran sabon gero. Na cire hula na hau tsani na zura kaina, na dire ciki, ya rufe bakin da faifai. Da na danna, wallahi har ƙwayoyin geron bara da suka maƙale a bango na ƙirga. Na yi ta kabbara ina tsalle, kaji suka watse, matan gida suka fito suna tambayar ko maciji ne. Fitowa ce ta zama aiki, sai da mutum biyu suka jawo ni ta hammata.

Muka ci ɗanwake, na biya shi dubu shida, na kama hanya ina taɓa aljihu kowane taku goma.

Hanyar Batsari, uku da minti goma

A mota na zauna kusa da wata tsohuwa mai kwandon daddawa. Ban iya haƙuri ba, na fito da tocilar ina shafa ta. Ta ce, "Ɗan nan, mu gani." Na miƙa mata da alfahari. Ta danna, shiru. Ta haɗa yatsu biyu, shiru. Ta dafa gindin a gwiwa ta danna har jijiyar wuyanta ta tashi, sannan ta miƙo mini.

"Wagga ta samari ce. Wa anka yi ma ita?"

Na auna aljihuna, na auna batir, na auna haske, ban tuna hannun Baba Ilu ba ko sau ɗaya. Tsohuwar nan da hannunta lafiya lau ta kasa, ina ga hagun da ko kofin shayi sai ya tallafa? Kunya ta rufe ni.

"Direba, tsaya! Zan sauka."

"Nan? Ba mu yi kilomita biyar ba!"

"Inna ta gama mini tafiyar," na ce. Na bar masa kuɗin motar, na tsallaka titi na tare acaba.

Babban Duhu kuma, biyar saura

Malam Hamisu na ganina ya ce, "Ta mutu?" Na faɗa masa komai. Ya yi dariya har ya cire tabarau ya share ido, sannan ya ce laifin na mu biyu ne, shi ma bai tambayi mai hannun ba. Daga ƙarfe biyar ba mai bin hanyar nan, don haka a zaurensa na kwana, bayan tuwon dawa miyar kuka da man shanu.

Laraba da hantsi ya ciro makunnin turawa daga wata tsohuwar rediyo, ya fafe gefen bututun ya dasa shi, ya cire haske kala uku ya bar ɗaya. Raina ya ɗan sosu da kala ukun nan, ba zan ɓoye ba. Wannan karon ba a sa ni rumbu ba. Mahaifiyarsa ya kira, tsohuwa tukuf, ya ce, "Iya, da hagu za ki kunna." Ta tura da gefen yatsa, ta kama. Ta kashe, ta kunna, ta kashe, har sai da ya roƙe ta ta bari. Ya ƙi karɓar ko sisi a kan gyaran.

Karare, Laraba, biyu da rabi

Na tsaya a shinge na cika wa jami'in nan alkawari, ya haska cikin hularsa ya yaba. Daga Batsari ban biya gida ba, kai tsaye gidan Baba Ilu na nufa, 'yan majalisa huɗu na biye da ni. Na durƙusa na sa masa ita a hagu. Ya auna nauyinta, ya tura makunnin, ta kama. Sai kawai ya jefa ta aljihu ya shiga tambayata gajiyar hanya. Muka fito jiki a sanyaye, Hajara kuma ta samu abin yi mini dariya har dare.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Malam Hamisu da Iyarsa, da Inna mai daddawa wadda ko sunanta ban tambaya ba.

Gajiya ta sa na makara ranar Alhamis. Bugun sanda a ƙofar zaure ne ya tashe ni, na ga haske fari tas yana shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure.

"Sama'ila! Na buɗe masallaci tun ɗazu, har an yi kira. Kai barcin mi kaka yi?"

Na fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, na bi bayansa.