Birkin Malam Tsaya-Ki-Ji

Rigimar da Malam ya fi shan kashi a cikinta a gaban garu aka yi ta, kuma garun ma bai goyi bayansa ba.

Da hantsi ne. Ya dawo daga kasuwa a tsohuwar motarsa, ya gangaro layin gidansu yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Ya zo ƙofar gida ya taka birki, birki ya tafi har ƙasa kamar an taka soso. Ya sake takawa, ya yi salati, ya sake takawa. Mota ta shige ta ƙyauren da ke buɗe a tsanake, ba gudu ba gaggawa, ta bi ta kan bokitin wanki, ta je ta sumbaci garun ɗakin da matarsa ke ɗinki.

Matar ta fito da almakashi a hannu, zare a baki, ƙurar siminti a ɗankwali.

"Tsaya ki ji," in ji Malam, tun bai gama fitowa ba.

"Ni?" Ta tofar da zaren. "Ni ai a tsaye nake, Malam. Ita za ka gaya wa."

"Ba laifinta ba ne, iska ce ta..."

"Iska? To lallai iskar ta iya tuƙi, tunda har ta san ɗakina."

Maƙwabtan da suka shigo jaje sai suka koma suna riƙe ciki. Dama a bayan ido ake ce masa Tsaya-Ki-Ji, don da wannan kalma yake buɗe kowace magana da matarsa tun suna amarci, ita kuwa ba ta taɓa tsayawa ba, balle ta ji. Daga ranar aka fara kiran sunan a gaban idonsa. Ita kuma ta miƙa hannu ta zare makullin motar, ta jefa shi cikin aljihun keken ɗinkinta, ta ci gaba da aiki garu a tsage a gefenta.

Shi dai Malam direba ne tun yana saurayi. Ya tuƙa manya, ya tuƙa ƙananan da suka ɗauki kansu manya, bai taɓa goge wa kowa fenti ba har ya ajiye aiki. Motar kuwa wajen maigidansa na farko ya same ta, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Doguwa ce, mai hanci kamar na kada, kujerunta kamar na falo, ƙahonta kamar saniya mai mura. Saura ƙiris a haifi babban ɗansu a kujerar baya. Duk mai naƙuda a layin, duk tsohon da numfashi ya sarƙe wa, ita ta kai su asibiti. Da ƙarfi ya fara ja baya, ita ta zama ofishinsa. Ya goge ta da safe, ya zauna ciki ya ji labarai, ya fito ya ba da ra'ayinsa ga duk wanda tsautsayi ya biyo da shi. Ka raba shi da motar nan, ka bar shi da tabarma da ƙirga ƙudaje.

Abin da babban ɗan ya yi niyya ke nan. Uwar ce ta kai masa rahoto ta waya, har da ƙarin gishiri.

"Baba, ƙarshen wata ina tafe," in ji ɗan. "In na tarar da ita ba ta tsayawa, masu sayen tsofaffin ƙarafa za su zo su ja ta. Yau garu ne, gobe ɗan wani ne."

"Tsaya ka ji..."

"Na ji, Baba. A gaida Umma."

Abin da ya fi ci wa Malam rai shi ne yaron ya yi gaskiya. Ya kuma san ciwon. Ba wata iska, wannan ya faɗa ne don rufa wa motar asiri. Masta ce ta mutu, wato 'yar tukunyar nan da ke bayan inji, wadda ke tura man birki zuwa tayoyi in an taka. Robobinta sun cinye, mai yana zurarewa ta baya, shi kuma ya daɗe yana ƙara mai yana kau da kai.

Ya bi shagunan kayan mota har takalminsa ya gaji. Wani ya ce, "Baba, wannan ai sai gidan tarihi." Wani ya tambaya ko da gawayi take aiki. A ƙarshe wani tsohon abokinsa mai shago a can bayan kasuwa ya hau tsani yana nishi, ya sauko da wani abu naɗe a takarda mai maiƙo. Masta ce, sabuwa fil. Ta fi mai tsanin kyan gani nesa ba kusa ba. Sai dai kafin nan wata ya riga ya ƙare, washegari ɗan zai iso.

Da sassafe Malam ya ɗaga bonet, ya ɗaure tabaronsa da zare ta ƙeya. Ya shimfiɗa tsumma a kan fenti, don man birki ba ya barin fenti da rai. Ya zuƙe tsohon man, baƙi ƙirin kamar ruwan kwata. Ya kwance bututan ɗaya bayan ɗaya. Noti guda ya ƙi, ya yi tsatsa ya kafe. Wani da tuni ya sa guduma. Malam ya ɗiga masa mai, ya bar shi ya huce, ya dawo yana lallashinsa da sifana kamar mai lallashin jika ya sha magani, har ya yi ƙara ya juya. Ya cika sabuwar da mai tun tana hannu, ya yi ta danna ta har kumfa ya daina fitowa, sannan ya zaunar da ita a gurbinta. Bututan da yatsa ya fara murza su kafin sifana, kada su hau a karkace. Sandar da ke haɗa masta da abin takawa kuwa sai da ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, yana kiran sunan Allah yana kukan ciwon baya.

Ya miƙe, ya zauna, ya taka. Soso.

Bai yi mamaki ba. Iska ta shiga bututan, wannan karon iskar gaske, kuma fitar da ita aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna ya taka, ɗaya ya kwanta gindin taya ya buɗe ɗan noti ya rufe. Ya gwada tokare abin takawar da sanda, sandar ta suɓuce ta doki ƙaho, kajin maƙwabta suka watse. Mazan layin duk sun fita nema. Abokinsa mai shago gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Ƙafa ɗaya ce ta rage a gidan, kuma yana jin ta tana taka keke, tatata, ta bayan garun da aka yi wa faci.

Ya wanke hannu, ya tsaya bakin ƙofarta yana gyaran murya.

"Maman yara."

"Garun ne ya sake yi maka laifi?"

"Ƙafarki nake son aro."

Keke ya tsaya. Ta dube shi ta saman tabarau. Ta san abin da yake roƙo, ta kuma san in ta ce a'a, shi ke nan, da yamma za a ja motar. Ta daɗe tana kallon maiƙon da ke goshinsa da zaren da ya ɗaure tabaro. Zarenta ne ma, ja, ya sata.

"In ta motsa da ni, Malam, sai dai ka nemi wani gidan."

"Makullin ai yana wajenki, ranki ya daɗe."

Tun da aka kawo motar gidan ba ta taɓa zama a kujerar direba ba. Ta zauna tana gyara mayafi kamar za a ɗauke ta hoto. Shi kuma ya shimfiɗa kwali ya kwanta gindin tayar baya.

"In na ce taka, ki taka. In na ce riƙe, ki riƙe. Kada ki saki sai na ce."

"Yau kuma ni ce 'yar aiki."

"Taka! Taka! Riƙe!"

Ya buɗe notin, mai ya tsarto da kumfa, fut-fut. Ana cikin haka ta tuna maganar wata mai ɗinki da ta kawo yadi bai isa ba, ta ɗaga ƙafa don ta ji daɗin ba da labarin. Iska ta koma inda ta fito.

"Na ce riƙe!"

"Ai na riƙe!"

"Bakin nake jin kin saki, ƙafar ta bi shi!"

Ta ja tsaki, ta mayar da ƙafa kan birki. Ƙafar da ta tsufa a kan keken ɗinki ba ta san gajiya ba. Taka, riƙe, saki. Suka bi tayoyin duka, yana rarrafe yana tashi yana ƙara mai. A ta ƙarshe ta leƙo ta taga.

"Malam, abin nan ya yi tauri. Ya ƙi tafiya."

Malam ya kwanta a kan kwalinsa yana kallon cikin motar, ya sauke wata ajiyar zuciya da ta daɗe tana neman hanya. Wannan kaɗai ya isa a san abin ya kai masa.

Ɗan ya iso bayan azahar, fuska a ɗaure, lambar masu ƙarafa a wayarsa. Uwar ta fito da makulli ta miƙa wa mijinta, sannan ta buɗe ƙofar gaba ta shige.

"Umma, don Allah ki fito, a gwada tukuna."

"Aikina zan duba. Matsa."

Malam ya hau da ita can saman layin ya juyo. Mutane suka fito ƙofofinsu, iyaye suka janye yara. Mota ta gangaro, ƙyaure a buɗe, garu mai faci yana jira. Matar ta damƙe gefen kujera, leɓenta na motsi. Daidai ƙofar gida ya taka.

Ta tsaya cak. Har mayafin ya zamo gaba.

Layi ya ɗauki tafi. Ɗan ya zagaya, ya leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga, ya shiga ya taka da kansa da dukan ƙarfinsa, ya fito ya mayar da waya aljihu yana sosa ƙeya. Malam ya jingina da bonet, yana tsayuwar ƙasaita.

Matar kuwa tuni ta tara mata.

"Ni na gyara ta. Shi kwanciya kawai ya yi a inuwa yana ihu. Wa ya taka? Wa ya riƙe? Da ba don ƙafar nan ba..."

"Tsaya ki ji," in ji Malam.

"Ba zan tsaya ba! Tun ina yarinya kake cewa in tsaya, yau da na yi aikin kuma..."

Malam ya juya wajen ɗansa, ya shafa hancin motar.

"Ka gani ko? Ita na sa mata sabuwar masta ta tsaya. Ta uwarka ce har yau ba a fara ƙerawa ba."