Hasumiyar Harko Mai Lamba Tamanin da Takwas

Marlys Kangas ba ta da mantuwa, ba ta kuma da yafiya. Tare muka tashi a garinmu na bakin Tafkin Superior, kuma har yau in na ɓata mata rai ba na bari rana ta faɗi ban je na ba ta haƙuri ba. Girki ta yi wa 'yan makarantar garin har ta yi ritaya. Ba ta shan taba, ba ta caca. Abu ɗaya ne ya shiga ranta: 'yan hasumiyoyin nan na ado, kwafin hasumiyoyin fitila masu nuna wa jiragen ruwa hanya, waɗanda tsawonsu bai wuce taƙi guda ba.

A shekarun da abin ya kama mu kamar zazzaɓi, har ƙungiya muka kafa, muna haɗuwa a ɗakin taron coci da kofi da bandar kifi. Kamfanin kan ƙera kowace hasumiya adadi ƙayyadadde, da lamba a gindin kowace ɗaya, in sun ƙare ba ƙari. Daga nan sai dai ka nema a hannun 'yan baranda, su kuma su yanke ka ba tausayi. Shi ya sa kowa ke riƙe da dillalinsa mai shago, shi kuma dillali ya riƙe maka lambarka: duk sabuwar da ta fito, mai lambar nan taka ce. Lambar Marlys tamanin da takwas. Dillalinta Wendell Prue, mai shagon kayan tsaraba kusa da tashar jiragen ruwa, mutum mai zaƙin baki da hannu kullum a kafaɗar mutane.

Mahaifinta, Toivo, shi ne mai kula da fitilar Tsibirin Harko har lokacin da aka sa inji ya karɓe aikin. A can aka haifi Marlys. Da labari ya zo cewa kamfani zai fitar da kwafin hasumiyar Harko, tsohon yana gidan kula da tsofaffi, idanunsa sun tafi. Ta ce mini, "Darlene, a hannunsa zan sa ta. Ya shafa ƙofar, ya shafa tagar ɗakinmu, ya gaya mini in sun yi daidai." Ta kuwa yi masa alkawari, shi kuma duk zuwan da ta yi sai ya tambaya ko ta iso.

Ranar da kaya suka sauka ni na raka ta shagon. Wendell ya tarye mu da fuskar ta'aziyya.

"Wayyo Marlys, ƙanwata, taki ta fashe a hanya. Kuma ga shi sun ƙare tun daga kamfani. Amma na san wani ɗan baranda, in kina so in yi miki magana."

Ya faɗi farashin. Ai sai da na dafa kantar shagon.

Marlys ta ce, "Ba komai. Ba ni fasassun. Baba ba gani yake ba, hannu zai sa."

Sai bawan Allah ya hau inda-inda, wai ya riga ya zuba a shara.

Shara! Ko yaron goye a harkar nan ya san dillali ba ya zubar da fasasshiya, kamfani yake mayar wa da gindin mai lamba a sake masa wata. Ɓoye ta ya yi, yana jiran ta yi tsada. Ni dai jinina ya hau, na buɗe baki zan wanke shi tas, Marlys ta take mini ƙafa. Ta ce masa ta gode, muka fito.

Ta soma tara kuɗi don ta saya wurin 'yan baranda, ko mai wace lamba ce. Toivo bai jira ba. Kafin ƙanƙara ta narke muka binne shi.

Tun daga nan ba ta ƙara taka shagon ba, ba ta kuma ƙara sayen ko guda ba. A kantarta ta bar gurbi a tsakiya, tana goge shi kamar akwai abu a kai. Amma duk Lahadi sai ta gaishe da Wendell a ƙofar coci da murmushi har kunne. Ni wannan murmushin tsoro yake ba ni.

Shekaru suka ja. Mutane suka koma saye da sayarwa ta intanet, sai ga shi abin da ake cewa ba a samu yana gidan kowa. Kasuwa ta faɗi warwas. Wendell da ya cika ɗakin ƙasan shagonsa da kwalaye ya rasa mai taya, har ta kai ya rufe shago ya kira mai gwanjo. Abu ɗaya ya rage masa na sa rai, Harko, don ta garinmu ce, ya tabbata za mu yi kokawa a kanta.

Marlys ta bi gidajen 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, da kek ɗinta a hannu. Abin da ta ce musu gajere ne, kuma duk sun san Toivo.

Ranar gwanjo shagon ya cika maƙil. Mai gwanjo ya ɗaga kwalin Harko, sabo ƙal, ya buɗe, ya juya gindin ya karanta lambar da ƙarfi. Tamanin da takwas. Wendell ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi jajir. Aka kira farashi, shiru. Aka rage, shiru. Wani baƙo ya fara ɗaga hannu, matan coci suka zuba masa ido har ya mayar da hannun aljihu.

"Dala ɗaya," in ji Marlys.

Guduma ta sauka. Wallahi daɗin da na ji ranar ban ji shi ranar aurena ba.

Ta karɓa, ta je gaban Wendell, ta zaro hasumiyar daga kwali. Ta shafa ƙofar da ɗan yatsa, ta shafa tagar. Ya ce, "Marlys, ki yi wa Allah, kasuwa ce kawai."

"Ka ce mini ta fashe, Wendell."

Ta sake ta a kan siminti. Matar da ke kusa da ni ta yi ƙara.

Marlys ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta tsince fasassun tsaf cikin hankici, ta ƙulle. Kwalin kuma ta ɗora masa a hannu.

"Fasassun na roƙe ka tun farko," ta ce. "Darlene, ɗauko mota mu je maƙabarta, Baba na jira."