Sakatar Bindigar Baba

Shekarun baya, zamanin da jam'iyya ɗaya ce tal a ƙasar nan, mahaifina yana da wata tsohuwar bindigar farauta da ya gada a wurin kakana. Tun da aka tashe mu daga tsohon Zongo zuwa unguwar Agoè ta mutu, domin sakatarta ta ɓata, wato ƙarfen nan da ake ja baya a tura harsashi. Da idonsa ya fara mutuwa, sai ya riƙa ɗora ta a cinya yana shafawa. Ran nan ya ce, "Ni ba harbi zan yi ba. So nake in ji ƙararta sau ɗaya kafin in tafi." Maganar ta tsaya mini a rai.

Ni kuwa lokacin ina ji da boko. Kallo ɗaya na yi mata na yanke hukunci cewa ƙirar Faransa ce. Na tsallaka iyakar ƙasa zuwa garin Aflao, na sayo wata sakata a wurin 'yan gwangwan, na dawo ina hura hanci. Ko rabi ba ta shiga ba. Kunya kamar in nutse.

Wani abokina ya kai ni wurin wani tsohon maƙeri a unguwar Amoutivé. Tsohon ya goge tsatsa da kananzir, ya nuna mini tambarin kambi da wasu lambobi huɗu. Ya ce, "Ɗan makaranta, wannan ta Jamus ce, ta girmi babanka. Wadda ka sayo ta Ingila ce. Nemo mai kan ƙwallo, mai wannan lamba a jikinta." Wata biyu ina yawo har garin Baguida, ban samu ba.

Wata Asabar na biya rumfar mahaifiyata a kasuwa. Iskar teku ta taso tana ɗaga atamfofi, sai ta ce, "Miƙo mini ƙarfen can in danne." Na ɗauka, na ji wani ƙwallo a tafina. Na juya shi. Lambobin nan huɗu ne reras! Tun ina yaro nake ganin ƙarfen nan.

"Inna, ina kika samo wannan?"

Ta waiga, ta rage murya. "Shekarar da aka tashe mu, lokacin da sojoji ke bin gida-gida, na zare ta. Da sun tarar da bindiga mai aiki, da sun tafi da ubanku. Da na faɗa masa kuwa, ka san halinsa, mayarwa zai yi."

Maƙerin ya wanke ta, ya sa sabon sifirin, ni kuma na yi wa bindigar takardu a ofishin jandarma. Da na ɗora wa Baba a cinya, ya lalubo ƙwallon, ya ja, ya tura: ƙwas-ƙwas! Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ita ce!" Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Har yau in boko ya fara hau mini kai, nakan tuna na je har wata ƙasa neman abin da ke rumfar Inna. Ita kam ba ta yi asara ba. Ta ce, "To ni da me zan danne kayana?" Na miƙa mata ta Aflao. Da ita ta riƙa danne atamfa har ta bar kasuwa.