Askin da Dogo Ya Yi wa Babansa

Abokina mai aski ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bango ɗaya ya raba shagon ɗinkina da nasa, har yau idan na leƙa na ga kujerarsa a lulluɓe sai idona ya cika. Dogo ake ce masa, ko da yake a kafaɗata ya tsaya.

Abu ɗaya ke cin ransa, mahaifinsa. Tsohon kafinta ne mai zafin rai. Tun da Dogo ya ajiye zarto ya ɗauki almakashi, tsohon ya ce babu shi babu Dogo. Ko gaisuwarsa ba ya amsawa. Dogo yakan ce mini, "Tela, tsorona kada ɗayanmu ya mutu Baba bai sa mini albarka ba."

Da ciwon ƙafa ya kwantar da tsohon, suma ta cika masa kai, gemu ya hargitse. Dogo ya zuba injin aski da tawul a jaka, ya ce in raka shi. Muna shiga ɗakin tsohon ya daka tsawa.

"Wa ya kira ka? Fita, mai sharar gashin mutane!"

"To, Baba. Sannu da jiki."

Takalmi ya biyo mu har bakin ƙofa. A hanya na ce, "Kai wai ba ka da zuciya ne?"

Ya yi dariya. "Mahaifin Annabi Ibrahim jifa ya ce zai yi masa, shi kuwa bai fasa kiransa babana ba, kuma da sallama ya rabu da shi. Ni da aka jefa da silifa, ta soso ma, ina dalilin ɗaga murya?"

Haka ya riƙa komawa duk mako. A zage shi, ya durƙusa ya gaida, ya share ɗakin, ya tafi. Rannan ƙaiƙayi ya ishi tsohon, ya miƙa wa Dogo kai yana hararar bango, Dogo ya kama aski.

"Hannunka nauyi kamar guduma."

"Zan gyara, Baba. In rage gefen nan ko in bari?"

Da ya gama ya riƙe masa madubi. Tsohon ya daɗe yana duba, ya shafa gemu, ya ce, "Layin nan ya miƙe. Ko ni da ma'auni iyakata ke nan." Sai ya dubi Dogo. "Sunkuyo, ɗan nan." Ya dafa kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji. Dogo ya fito titi yana kaɗa tawul sama, ya rungume ni har hulata ta faɗi, yana cewa, "Tela, na samu! Wallahi na samu!" Ranar duk wanda ya zauna a kujerarsa kyauta ya tashi.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya ɗauke Dogo. A kan kujera aka kawo tsohon wurin jana'iza, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya riƙe hannunsa ya ce, "Ku shaida, na yarda da yaron nan."