Kawu Mai Ruwan Sama

Shekara goma sha tara Kawu ya yi yana zubar da ruwan sama, ko da tsakiyar rani ne. Duk bidiyon waƙar da ka ga saurayi ya jiƙe sharkaf yana dukan ƙirji don budurwa ta ƙi shi, to ƙanin mahaifiyata ne a saman tsani riƙe da tiyo. In ka ga gyalen mawaƙiya na kaɗawa a ɗakin da ko taga babu, shi ne durƙushe da fanka. Hayaƙin da ke bin ƙafar masu rawa ma shi ke fifita shi da kwali.

Ruwansa da ƙa'ida. Ba a saita tiyo a kan mutum. Sama ake harbawa, a danne bakin da babban yatsa, ruwan ya tarwatse ya sauko da kansa. Fitila kuma ta bayan ruwan ake ajiye ta, in ba haka ba kyamara ba za ta gan shi ba, an jiƙa ɗan mutane a banza. Ko ba ka tambaya ba sai ya yi maka wannan karatun.

Matsalar ita ce Inna, matarsa, ta riga ta cika unguwa da cewa mijinta ɗan fim ne. Mai kitson da ke maƙwabtaka da su kuwa bakinta ba linzami. Duk sabuwar waƙar da ta fito sai ta leƙo da waya a hannu.

"Inna, mun ga ruwa, mun ga iska. To ina mijin?"

Inna ta kan yi dariya, amma abin yana cin ranta, Kawu kuma ya sani. Da gwiwarsa ta fara ƙin hawa tsani, sai ya cire kunya ya sami darakta.

"Ranka ya daɗe, kafin in ajiye tiyo a nuna fuskata sau ɗaya. Ba don ni ba, don gida."

Aka ba shi ya fito a matsayin uban yarinya a wata waƙa. Aikinsa ya tsaya a taga ya ɗaure fuska, mawaƙi na kuka a ƙasa cikin ruwa. Tiyo kuma aka damƙa wa direban darakta, wanda iyakar saninsa da ruwa wankin mota ne.

Aka kunna waƙar da saurin gaske, yadda ake yi in ana so hoto ya fito a hankali daga baya, mawaƙi na ta motsa baki kamar mai cin cingam. Direba ya saita masa tiyo a tsakar ka. Ruwa ya sauko igiya guda, sai ka ce famfo ya fashe. Kawu na kallo daga taga, fuskarsa ta haɗe, jijiyar goshinsa ta miƙe, haƙoransa na cizon leɓe.

"Yauwa! Riƙe haka, Kawu!" in ji darakta. "Ashe gwani muke da shi a saman tsani!"

Daƙiƙa huɗu ya samu a bidiyon. Ranar da waƙar ta fito Inna ta tara matan unguwa a falo, ta zaunar da mai kitso a kujerar gaba, ta maimaita wurin ya fi sau goma. Mai kitso da bakinta ta ce wannan harara ko ita ta tsorata. Ban taɓa ganin Inna cikin farin ciki irin na ranar ba.

Kawu kuwa na same shi a zaure shi kaɗai yana murza gwiwa. Na ce masa barka, an gan shi. Bai ɗago ba.

"An gan ni," ya ce. "Ita kaɗai ce waƙar da ke da fuskata. Duk wanda ya kalla zai ɗauka wancan ruwan nawa ne."