Zogalen Baban Walida

Ina tsakar gida ina tankaɗe sai ga maigidana, Baban Walida, ya shigo da ledar zogale, yana tafiya kamar wanda ya gano maganin tsufa.

Mutumin nan fa tun aurenmu yake kiran zogale abincin awaki. Da hawan jini ya kama shi, na yi magana har na gaji, ya ce in bar shi da cikinsa.

Ashe asibiti ya je awon hawan jininsa. Suna zaune a layi wata nas ta yi musu ɗan bayani kan gishiri da ganye, bayanin da bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba.

Ya ce, "Maman Walida, kin san amfanin ganyen nan kuwa? Daga yau a rage gishiri da dunƙule a gidan nan. Kashe ni kuke ban sani ba."

Na ce, "To, Alhaji. Ina ka samo?"

"Kasuwa mana. Da kyar ma na samu mai kyau."

Na kalli bishiyar zogalen da ke bayansa, wadda ya sha cewa zai sare don tana tara sauro. Na ci gaba da tankaɗena.

Gaskiya dai ya canza. Yanzu kullum da kwaɗo a gefen tuwonsa, har abokansa yake yi wa wa'azi a majalisa.

Matan unguwarmu ta Limawa, wa za ta ara min fararen kayan nas? Akwai sauran maganganun da nake so ya ji.