Inna Mai Shara da Takardun Sito

Shekara goma sha tara Inna Mai Shara ta yi tana share ofishin wani babban sito na magunguna. Mijinta direban wurin ne, da ya rasu aka miƙa mata tsintsiya don kada yara su tagayyara. Ba ta yi boko ba, amma ta koyi karanta lambar mota a wajen marigayin, har ta fi maigadi saurin ganewa.

Kullum da yamma takan tattara takardun da aka zubar a kwando, ta kai bayan katanga ta ƙone. Ana nan sai aka kawo sabon manaja, ya zo da ƙanin matarsa, wani mai bulbula turare da direbobi suka laƙaba wa Ɗan Gayu. Manaja ya hana ƙonawa, wai Ɗan Gayu zai riƙa kai wa masu sarrafa takarda.

Cikin wata biyu ɓarayi suka tare motocin sito uku a hanya, suka yashe su tas, suka karya wa wani direba hannu. Asibitoci suka yi ta bugo waya suna neman magani. Da aka fara zargin daga ofis ake tsegunta wa ɓarayin tafiyar motoci, manaja ya sa aka canja lambobin sirrin kwamfuta, ya dakatar da magatakarda.

Ita kuwa Inna ta lura Ɗan Gayu ba ya taɓa kwali ko tsohuwar jarida. Tsugunawa yake yana tsince takardu masu lambar mota.

Ran nan ya zo ya tarar ta ɗure takardun a buhu ta hau kai ta zauna.

"Inna, ɗan tashi in ɗauki kayana."

"Kayanka? Shara tawa ce, ɗan nan. Ko ƙyalle ba ka fita da shi."

Hayaniya ta fito da manaja. "Inna, umarnina ne fa. Ko kin gaji da aikin ne?"

"Ranka ya daɗe, kun garƙame kwamfuta kun bar kwando baki buɗe. Kore ni in ka so, amma da ni da buhun nan za a cicciɓa."

Direbobi suka kewaye su. Mai karyayyen hannun ya roƙe ta takarda guda, ta zaro masa, ya karanta da ƙarfi: lambar mota, hanyar da za ta bi, kayan da ke ciki, da ranar tashi, jibi. Ɗan Gayu ya kara waya a kunne ya sulale.

Duk da haka manaja ya sallame ta a ranar, wai ta yi masa tsaurin ido. Direbobi suka zube makullansu a teburinsa, kwana biyu ko taya ba ta motsa ba, sai da mai kamfanin ya zo da kansa. 'Yan sanda suka kamo Ɗan Gayu, manaja ya tattara komatsansa, magatakarda ya dawo kujerarsa.

Da aka aika kiran Inna, ba ta yi rawar jiki ba. Ta ce a gaya wa mai kamfanin tana wanki, sai ta shanya.